Gilasai Bakwai na Tagar Mama

Alhamis, 31 ga Yuli, 2025

Yau muka tashi daga Kafanchan. Shekara huɗu a ɗaki ɗaya, ga shi duk kayanmu sun shiga bayan akori-kura har da sauran wuri. Na ɗauka za su fi haka yawa.

Tun da cutar citta ta zo, aikin fasa citta da Mama ke yi wa 'yan kasuwa ya mutu. Bara da kuɗin kunu ta lallaɓa ta biya haya. Bana babu hali. Baba ya ce mu dawo Godogodo, gona tana neman hannu.

Kafin mu fita Mama ta share ɗakin sau biyu. Sannan ta ɗauki wuƙa ta buɗe 'yan ƙarafan taga, ta zare gilasai bakwai na ƙasa, masu ruwan shayi, waɗanda ta saya da kuɗinta shekarar da muka shigo. Ta naɗe su a zaninta na zumuntar matan coci. Na ce, "Mama, ana cirewa?" Ta ce lokacin da Kaka ta tashi daga tsohon gida ai har ƙyaure da azara ta tafi da su. Biyar na sama, farare, ta bar su, na masu gida ne.

Gregory, ejan da ke kula da gidan, ya karɓi makulli. Ya ce mu dawo ran Laraba mu karɓi kuɗin ajiya. Dubu ashirin ne, Mama ta ba shi ranar da muka shigo, wai ko za mu lalata wani abu. Mama ta ce nawa ne, da su zan shiga sakandare. Shekara guda ke nan da na gama firamare ina zaune.

Ban kalli silin ba da za mu fita.

Asabar, 2 ga Agusta

Baba ya tambayo a makaranta. Fom, yunifom, takalmi da kuɗin benci, duka dubu sha huɗu. Ran takwas ga Satumba za a rufe ɗauka.

Gilasan suna ƙarƙashin gado. Ɗakinmu na nan ba shi da taga, sai wata 'yar kafa da aka cusa wa tsumma. Baba ya yi dariya ya ce me za ta yi da su? Ta ce ranar da ta gina ɗakin bulo zai gani.

Laraba, 6 ga Agusta

Ban gane ba. Har yanzu ban gane ba.

Mun je shagon Gregory, inda yake cire wa mutane kuɗi da na'ura. Ya ba mu benci, ya tambayi gona. Sai ya miƙo takarda da dubu biyu a kanta. Mama ba ta karatu, ni ta ba. Mutane biyu suna tsaye suna jira a sallame su, duk suka juyo. Sai da Mama ta zungure ni na fara.

Fenti, dubu takwas. Gilashin taga guda bakwai da suka ɓace, dubu bakwai. Silin da ruwa ya ɓata, dubu uku. Saura dubu biyu.

Mama ta ce in sake karantawa. Na sake.

Shi mutumin wajen Kagoro ne, ba ya jin yarenmu, sai suka yi da Hausa. Mama ta ce, "Wane fenti? Ɗaki da na same shi baƙi ƙirin da hayaƙi? Ni ne na shafa mishi farar ƙasa da bula kowane Kirsimeti." Ya ce ai matsalar ke nan, kalar gidan ruwan madara ne, wa ya ba ta famishon ta mai da shi shuɗi? Ta ce gilas nata ne. Ya ce, "Madam, a ina aka taɓa yi? Ka fita daga haya ka kwashe windo?" Mutanen da ke tsaye suka yi dariya. Na ji kamar in shige ƙarƙashin bencin.

Yana ta cewa yana cikin agrimen. Mama ta ce ita babu agrimen da ta gani, dangwale kawai aka sa ta yi a wata takarda.

Ba ta taɓa dubu biyun ba. Ta karɓi takardar ta sa a jakata. Kuɗin motarmu zuwa da dawowa ma sun fi abin da ya ajiye mana.

Alhamis, 7 ga Agusta

Zan rubuta a nan, tun da babu mai karantawa a gidan nan sai ni.

Silin ɗin ni ce.

Bara da kaka Mama ta bar min kuɓewa in yanka in shanya. A nan Godogodo a kan falalen dutse muke shanya, babu abin da ke taɓawa. A can kuwa tsakar gida na kowa ne, awaki da kaji da yara. Sau biyu akuyar maƙwabta ta cinye min, Mama ta yi faɗa. Sai na hau mangwaron bayan ɗaki na taka kwanon rufi, na ga ai shi ma kamar dutse ne, ga zafi. Na yi ta shanyawa a can kwana da kwanaki. Rana ɗaya ƙafata ta faɗa wani wuri mai tsatsa, na ji ƙaras. Rami kamar tafin hannuna. Na rufe da leda na danne da dutse. Ban faɗa wa kowa ba.

Da ruwan bana ya sauka silin ya fara yin taswira. Mama ta ce tsufan kwano ne. Na ce e.

Lahadi, 10 ga Agusta

Bayan sujada Baba ya ce a bar wa Allah. Mama ta ce Allah bai ce a bar wa Gregory ba. Ta ce za ta ɗauki Littafi Mai Tsarki ta je ta ɗora hannu ta rantse a gaban kowa cewa ko ƙusa ba mu lalata a ɗakin nan ba.

Na kasa cin tuwo.

In mutum ya rantse a kan abin da bai san ƙarya ba ne, a kan wa zai faɗa? Shi, ko wanda ya sani ya yi shiru? Na so in tambayi malamar Sande Sukul. Na je har kusa da ita, sai na ce mata ina wuni na wuce.

Talata, 12 ga Agusta

Ruwa tun safe. Yana can yana zuba ta ramin.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ina Kafanchan. Mama ba za ta iya barin noma ba, kuma kuɗin mota na mutum biyu ya yi yawa. Ta turo ni wajen Anti Hellen, maƙwabciyarmu ta da a gidan hayar, mai kitso. Zan riƙe mata jaririya, kullum kuma in je shagon Gregory in ce Mama tana jiran kuɗinta. Ni. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Na je. Na tsaya a bakin shagon har ya gama da mutum huɗu. Ya ce, "Afiniki, yaya ne?" Na ce Mama ta ce a gaishe ka. Ya ce yana amsawa. Na dawo.

Anti Hellen ta yi dariya har ta saki kan da take kitsawa. Ta ce, "Daga Godogodo aka biya miki mota ki kawo gaisuwa? Abeg."

Juma'a, 15 ga Agusta

Yau na ce, "Mama ta ce kuɗin." Ya ce dubu biyu suna nan ba su gudu ba. Na ce to.

Me ya sa na ce to?

Asabar, 16 ga Agusta

An riga an sa wata a ɗakinmu. Sunanta Damaris, tana koyon aikin jinya. Ta gan ni ina leƙe ta ce in shigo.

Bangon yana nan shuɗi. Ga ma inda tsintsiyar Mama ta bar layi-layi a kusa da ƙofa. Babu wanda ya yi wani fenti. Damaris ta ce kalar ce ma ta ja ta. Ta ce Gregory ya gaya mata sabon fenti aka yi saboda ita, shi ya sa ya ƙara mata dubu biyar a kan haya.

Na tsaya ina kallon bangon. A wajenmu ɓarna ne, a wajenta gyara ne, kuma bango ɗaya ne. Na yi ta juya abin a kaina ko akwai yadda duka biyun za su zama gaskiya. Wataƙila akwai wani abu a harkar haya da ban sani ba. Su manya sun fi ni sani.

Tagar an toshe ta da kwali, kamar dai yadda muka same ta da farko.

A tsakar ɗakin akwai roba tana tarar ruwa. Ta ja katifarta gefe, littattafanta suna cikin leda. Ta ce, "Haka yake muku?" Na ce e, wani lokaci.

Litinin, 18 ga Agusta

Na gaya wa Anti Hellen maganar fentin. Ta ajiye matsefi ta ce, "Dis man." Ta ce in daina ɓata takalmina a shagonsa, Gregory ko bulo ɗaya ba shi da shi a gidan nan. Gidan na Iya Kubra ne, tsohuwar da ke sayar da daddawa da barkono a layin 'yan kayan miya. Tun da gwiwa ta kama ta ba ta zuwa, shi yake karɓa ya kai mata. Ta ce in je wajenta.

Shekara huɗu ban taɓa ganin ta ba. Na ɗauka mai gida wani babban mutum ne a Kaduna.

Na tambaye ta, kamar da wasa, nawa ake canza kwano ɗaya. Ta ce da kuɗin kafinta a yanzu ba zai kasa dubu bakwai ba. Ta ce me ya kawo tambayar? Na ce babu.

Na lissafa a bayan littafin nan. Gregory silin kawai ya rubuta, bai san da ramin ba. In aka cire fenti da gilas aka bar silin, muna da sha bakwai, sun isa makaranta. In aka san da ramin, goma ne. Ba su isa ba.

To in na yi shiru zan shiga makaranta. In na yi shiru kuma Mama za ta rantse.

Talata, 19 ga Agusta

Da rana, gidan babu kowa, na hau mangwaron. Dutsen yana nan inda na sa shi. Ledar ta yage, rabi ya rage.

Na yi tunanin in ɗauke dutsen in jefar. In babu dutse, rami ne kawai, tsatsa ce ta ci, babu wanda zai ce ƙafar mutum ce. Har na miƙa hannu. Sai na tuna in na ɗauke, sauran ledar za ta tafi, ruwan zai ƙaru a kan Damaris.

Na bar shi. Ban sani ba ko don ita na bari ko don tsoron kada kwanon ya sake ƙara ne. Na ƙuje gwiwa wajen saukowa.

Laraba, 20 ga Agusta

Na je kasuwa. Na gane ta da kwatancen Anti Hellen, ƙaramar tsohuwa da tabarau, ƙafa ɗaya a miƙe a kan buhu. Na wuce ta gabanta. Na zagaya ta layin 'yan manja na dawo na sake wucewa. A na uku ta ce, "Ke 'yar nan. Sau uku ke nan. Daddawa kike so ko aure?"

Matan kusa suka yi dariya. Na durƙusa na gaishe ta. Sai kawai na miƙa mata takardar.

Ta juya ta sama da ƙasa ta ce ita bokon nan bai taɓa ta ba, in karanta mata. Na karanta. Ta ce in ɗaga murya, kunnenta ma ya yi ritaya. Na ɗaga. Ta tambayi wane ɗaki. Na ce na ƙarshe, kusa da mangwaro. Ta ce 'yar wa? Na ce 'yar mai kunu. Ta ce, "Ita ce ba ta taɓa barin kuɗin haya ya wuce wata ba." Ashe ta san mu.

Ta tambayi gilasan. Na ce suna ƙarƙashin gado a Godogodo. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce suna ina? Na sake faɗa. Dariya ta kama ta a ciki, kafaɗarta tana rawa.

Ta ce ran Asabar da hantsi uwata ta zo gidan, ta zo da su. Ita ma za ta zo ko da a keke napep ne. Ta ƙulla min daddawa biyu ta ce in kai wa mai kitso.

Anti Hellen ta kira Baba a waya ya gaya wa Mama.

Juma'a, 22 ga Agusta

Gobe.

Na gwada faɗa wa jaririyar Anti Hellen. Ita ma da na zo wajen dutsen sai na rage murya.

Asabar, 23 ga Agusta

Zan rubuta yadda ya faru kafin ya cakuɗe min.

Mama ta iso da ƙunshin a ka, Littafi a jaka. Iya Kubra ta zo a keke, aka sa mata kujera a ƙarƙashin mangwaron, daidai ƙasan reshen da nake takawa. Gregory ya zo da fayil. Anti Hellen ta fito da wadda take wa kitso, rabin kai a tsefe, wai iska suke sha.

Iya ta ce a bi takardar ɗaya bayan ɗaya, ni zan karanta.

Fenti. Gregory ya fara bayanin kalar gida. Iya ta ce a kira mai ɗakin. Damaris ta fito ta faɗi abin da ta faɗa min, har da dubu biyar. Iya ta ce, "Girigori, wannan dubu biyar ɗin ban gan ta ba." Ya ce yana shirin kawowa ne. Ta ce ba ita zai kawo wa ba, ga mai ita nan tsaye. Ta ce in ja layi a kan fenti. Na ja.

Gilas. Nan ya dage. Ya ce shi ya ba da ɗakin da hannunsa, sha biyu cif suke. Mama ta kwance zanin. Ashe ɗaya ya tsage a mota. Ta ce ga su, kalarsu ma ba ɗaya ba ne da na sama. Ya ce to wa ya sani, ko ta fasa na gidan ne ta saya ta mayar? Mama ba ta da rasit, shekara huɗu. Hausarta ma ta fara gudu, tana haɗawa da yare.

Ban san lokacin da na ce "akwai ƙusa" ba.

Kowa ya juyo. Iya ta ce, "Ɗaga murya, na gaya miki kunnena."

Na ce ranar da muka shigo babu gilas a ƙasa, kwalin sabulu aka buga da ƙananan ƙusoshi. Wata uku muna da shi kafin Mama ta tara kuɗi. Ina kwance a ƙarƙashinsa nake kwana, da rubutun jikinsa na koyi haɗa baƙi. Na ce ramukan ƙusar suna nan a jikin katakon, daga ƙasa zuwa gilashi na bakwai, a nan suka tsaya. Mama ta shafe su da farar ƙasa sau huɗu, amma in aka kankare za a gani.

Damaris ta kawo cokali. Muka kankare. Suna nan, har da guntun ƙusa ɗaya mai tsatsa. Sama da na bakwai babu ko ɗaya. Iya ta sa aka riƙe ta ta zo ta shafa da yatsa.

Ta juya wajen Mama ta ce, "Amma ke ma, baiwar Allah, a garinku in za a tashi da taga ake tafiya?" Mama ta ce, "Har da ƙofa, Iya." Iya ta yi dariya har da tari. Ta ce a ja layi.

Na ja. Na san abin da ya rage.

Silin. Gregory ya samu ƙarfi, ya ce wannan kam kowa ya gani da idonsa. Mama ta ce ruwan sama ba ita ta aiko shi ba, kwano ne ya tsufa. Iya ta gyaɗa kai, ta ce kwanon tun mai gidanta yana da rai. Na ga za ta ce a ja layi. Da ta faɗa da shi ke nan, dubu ashirin cif.

Sai Mama ta buɗe jaka. Babu wanda ya ce ta rantse. Ita ce dai ta ɗauko shi tun daga gida, kuma dariyar da aka yi mata a shago tana cin ta. Ta ce bari ta gama maganar gaba ɗaya, a gaban Allah, ita da 'yarta ko ƙusa...

Na riƙe hannunta.

Ban tuna duk abin da na ce ba. Na san na ce kuɓewa, na ce akuya, na ce dutse. Na nuna sama. Anti Hellen ta ce daga baya wai har waje ana ji na, ni kuwa na ɗauka raɗa nake yi.

Mama ta dube ni kamar wata baƙuwa. Ta mayar da Littafin cikin jaka a hankali ta ja zif.

Gregory ya ce, "Kun gani ko? Kun gani?" Iya ta ce ta gani, ta ga yarinya ta faɗi nata ba a tambaye ta ba, shi kuma sai da aka kira shaida. Aka aika aka kira kafinta daga bakin titi, ya hau ya sauko da dutsen a hannu. Ya ce kwano ɗaya da aiki, dubu bakwai.

Na yi zaton Iya za ta ce ta yafe. A raina har na fara gode mata. Ba ta ce ba. Ta ce abin da aka ɓata a biya, abin da ba a ɓata ba a mayar. Silin uku, kwano bakwai. Gregory ya ƙirga dubu goma ya ba Mama.

Goma. Na san lissafin tun ran Litinin, amma da na gan su a hannunta sai idona ya cika.

Mama ta daɗe tana tsaye. Sai ta durƙusa gaban zanin, ta ware mai tsagewar gefe, ta tura shidan gaban Iya. Ta ce, "Tagan ki ba shi da gilas, Iya. Ki saya."

Iya ta gyara zama, nan take ta koma 'yar kasuwa. Ta ce tsofaffi ne, ɗari biyar-biyar. Mama ta ce albarka. Iya ta ce ɗari shida, don zumunci. Mama ta karɓi takardar daga hannuna ta miƙa mata, ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma an karanta mata sau uku, ejan Iya ne da kansa ya rubuta dubu ɗaya-ɗaya.

Anti Hellen ta yi guɗa. Iya ta dubi Gregory ta ce, "Ka ga abin da ka ja min." Ta kwance bakin zaninta ta ƙirga dubu shida.

Sha shida.

Damaris da kafinta suka jera su a tagar tun muna nan. Mama ba ta kalla ba. Ta naɗe mai tsagewar a zanin, ƙunshin ya zama ɗan siriri.

Lahadi, 24 ga Agusta

A mota jiya ba ta yi min magana ba. Na jira faɗa, bai zo ba, na rasa wanne ya fi. A Gidan Waya ta sayi gasasshiyar masara ɗaya ta karya ta ba ni babban ɓangaren. Can ta ce da yarenmu, "Saura kaɗan in ɗora hannun." Ba ta ƙara ba.

Ban sani ba ko godiya ce ko zargi.

Ni na sa ta rasa dubu goma. Ni na sa ta rasa gilasanta. Kuma ni aka ba babban ɓangaren masara. Na kasa haɗa su wuri ɗaya.

Baba ya ji labarin ya ce, "A kan kwano? Kamar kadangaruwa?" Shi kaɗai ya yi dariya.

Laraba, 27 ga Agusta

An biya. Sunana yana cikin rajista. Na ga malamin ya rubuta Afiniki Ezekiyel da jan biro.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je karɓo yunifom. Telan ya ɗinka siket ɗin gajere, bai kai gwiwa ba, kuma sauran yadin ban gan shi ba. Ya ce haka ake yayi, in tafi da shi. Akwai maza uku zaune a shagon.

Na ce yadi biyu muka kawo, ba a yi wannan da yadi biyu ba. Ya ce me na ce? Na sake faɗa. Ya dube ni, ya duba ƙarƙashin tebur, sai ga sauran. Ya ce in dawo gobe bayan sujada.

Ba wani abu ba ne. Kawai dai siket ɗin bai kai ba.

Da na dawo na tarar Baba ya cire tsumman nan na bango, ya faɗaɗa kafar da wuƙa, ya sa gilashin mai tsagewa ya liƙe gefensa da laka. A karkace yake. Mama ta ce aikin banza ne, ba irin tagar da take nufi ba ke nan. Amma tun ɗazu a nan take zaune tana tsince acca, hasken yana sauka a kan faifanta ruwan shayi.

Ni ma a nan nake rubutun nan. Ta ce in matsa ina tare mata haske. Na ce ita ta matsa.

Ta matsa.